Yadda Ake Haɗa Kayan Koyar da Faransanci da Jamusanci a Ajin Sakandare

Duk malamin da ya taɓa shiga ajin ƙaramar sakandare da littafin Faransanci ƙwaya ɗaya a hannu, ɗalibai saba'in sun zuba masa ido, ya san abin da nake nufi. Darasin minti arba'in ne. Ka rubuta kalmomi goma a allo, su kwafa, ka karanta su maimaita, a kaɗa ƙararrawa. Mako ya zagayo, ka tambayi yaro sunansa da Faransanci, sai ya sunkuyar da kai. Ba daƙiƙi ba ne. Hannunsa ne kawai ya yi aiki a darasin da ya wuce, bakinsa bai yi ba.

Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, yana kuma cikin manhajar makarantu, amma a wurare da yawa manhajar ta iso, kayan aiki ba su biyo ta ba. Jamusanci ya fi haka ƙaranci a wajenmu, galibi sai a ƙungiyar ɗalibai ta bayan tashi. A Kamaru kuwa, wadda Jamus ta mulka daga 1884 zuwa 1916, darasi ne na yau da kullum a sakandare. Ko a ina kake, malam ko malama, hanyar da zan bayyana ba ta buƙatar wutar lantarki ko majigi. Ma'aunina guda ne: duk abin da zan yanka ko in zana, sai na tambayi kaina ko zai sa yaro ya buɗe baki ya yi magana. In ba zai sa ba, ado ne, ba na ɓata masa kwali.

Mataki na farko: kafin ka taɓa almakashi

Ɗauki manhajar zangon, ka juya kowane kan darasi zuwa abin da yaro zai iya yi. Kada ka rubuta "lambobi", rubuta "zai iya tambayar kuɗin tumatir ya kuma fahimci amsa". Kada ka rubuta "iyali", rubuta "za ta iya gabatar da yayanta da ƙanwarta". Ja layi uku a takarda: abin da zai iya, jimloli uku ko huɗu da yake buƙata, sai kayan da za su sa ya faɗe su.

Don ka san iya zurfin da za ka yi, duba ma'aunin harsuna na Turai mai matakai shida, daga A1 zuwa C2. Ɗan ƙaramar sakandare A1, wato matakin farko, yake nema, ba ƙari. Jarrabawar Faransanci ta DELF ta 'yan makaranta da ta Jamusanci ta Fit in Deutsch 1 ta cibiyar Goethe, mai yaɗa harshe da al'adun Jamus, duk suna da samfurin tambayoyi kyauta a intanet. Sauke ɗaya ka karanta, za ka ga abu huɗu ake gwadawa: sauraro, karatu, rubutu da magana. Kayanka su taɓa duka huɗun.

Mataki na biyu: tara kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a hutu ake wannan. Katan ɗin taliya ko na sabulu daga mai shago, tsofaffin kalandu masu farin baya, maka launi huɗu (baƙi, shuɗi, ja da kore), almakashi, faffaɗan salatif, igiyar shanya da abin maƙale kaya a igiya, tsofaffin ambulan goma sha biyu, da ƙaramin madubi. In gam ya yi tsada, dama sitaci ya yi kauri, yana riƙe takarda da kyau.

Sannan ka buɗe ido a kasuwa. Kayan masarufi da yawa da ake sayarwa a yankinmu suna ɗauke da rubutun Faransanci a jiki, saboda har Nijar, Benin, Kamaru da Chadi ake kai su: gwangwanin madara, kwalin shayi, ledar dunƙule, takardar cikin kwalin magani. Wanda ke Jibiya, Illela, Maigatari ko Kongolam ba ya ma buƙatar nema. Ka ce kowane ɗalibi ya kawo fanko ɗaya mai Faransanci. Ranar da yaro ya karanta *lait en poudre* a jikin gwangwanin da ke ɗakin mahaifiyarsa, ya gane cewa garin madara ake nufi, ranar ce harshen ke tashi daga matsayin darasin jarrabawa ya zama abin duniya.

In an ba makarantarku kyautar tsofaffin littattafai, ka duba su da kyau. Kuɗin yuro ya fara yawo a hannun jama'a a Janairun 2002, don haka littafin da ke saka farashi da mak na Jamus ko faran na Faransa ya tsufa. Haka ma wanda ke rubuta *daß* a maimakon *dass*, ya riga gyaran ƙa'idar rubutun Jamusanci na 1996. Hotunansu suna da amfani, amma kada ka kwafi rubutun ido rufe.

Mataki na uku: katin kalmomi mai launi

Nan ne na fi so ka daɗe, don shi ne ginshiƙi. Yanka kwali girman tafin hannu biyu don na gaban aji, girman katin waya biyu don na kan benci. A fuska ɗaya zana hoto, a baya rubuta kalmar. Zanen ba sai ya yi kyau ba, kuma a kowane aji akwai yaro ko yarinya mai hannun zane, ba su aikin.

Dokar da ba na sassautawa ita ce: ba a rubuta suna shi kaɗai. Kada ka rubuta *maison*, rubuta *la maison*. Kada ka rubuta *Buch*, rubuta *das Buch*. Namiji da shuɗin maka, mace da ja, jinsi na uku na Jamusanci da kore. Kalmar Faransanci da ta fara da wasali, kamar *l'école*, tana ɓoye jinsinta, don haka rubuta *une école* da ja.

Ɗan Bahaushe ya shigo da jari a wannan fannin, kuma abin takaici ne yadda muke barin jarin yana kwance saboda muna bi ta Ingilishi, harshen da bai raba jinsin kaya ba. Yaron da ke cewa "motar ta tafi" da "jirgin ya tafi" ya riga ya san kaya suna da jinsi. Abin da zai koya kawai shi ne kowane harshe da nasa rabon. Nakan fara da rana da wata. A Hausa rana mace ce, wata namiji. A Jamusanci ma haka, *die Sonne* da *der Mond*. Faransanci ya juya su, *le soleil* namiji, *la lune* mace. Gida namiji ne a wajenmu, mace a Faransanci, a Jamusanci kuwa *das Haus*, ba mace ba namiji ba. Sai in ɗaga katin *das Mädchen*, wato yarinya, da koren maka. Ajin yakan kaure da mamaki, kuma daga ranar ba wanda ke sake zaton cewa hankali ne ke raba jinsi. Haddacewa ake yi tare da kalmar.

A katin Jamusanci ƙara jam'i a ƙasa da ƙaramin rubutu: *der Stuhl, die Stühle*, *das Buch, die Bücher*, *das Auto, die Autos*. In sun yi ƙorafin cewa jam'in ba shi da ƙa'ida ɗaya, tambaye su jam'in kujera, gida, littafi da doki. Mai cewa kujeru, gidaje, littattafai da dawaki bai kamata *Bücher* ta ba shi tsoro ba. Kuma kada ka manta, kowane suna a Jamusanci da babban baƙi yake farawa, ko a tsakiyar jimla.

Na taɓa shiga aji da kati arba'in a darasi ɗaya don ɗokin abin da na haɗa. Washegari ko biyar ba su tsaya a kansu ba. Takwas sun isa darasi, sai ka cakuɗa su da na makon jiya. Raba ajin benci-benci, mutum shida ko bakwai, kowane rukuni da ambulan ɗinsa. Ɗaya ya ɗaga hoto ya tambaya, *Qu'est-ce que c'est?* ko *Was ist das?*, wanda ya amsa daidai har da jinsi ya karɓe katin. Ajin zai yi hayaniya, ka sanar da malamin da ke maƙwabtaka da kai tun da wuri. Hayaniyar ita ce darasin.

In kana koyar da harsunan biyu, kada ka haɗa su a kati ɗaya. Yanke kusurwar katunan Jamusanci don a bambanta su ko da taɓawa.

Mataki na huɗu: igiyar jimla

Ɗaure igiya daga taga zuwa taga a gaban allo. Rubuta kowace kalma a kwalinta, aikatau kuma a kwali mai launi dabam, ko ka zagaye shi da jan layi. Yara su fito su maƙala kalmomin a jere.

A Faransanci, fara da korewa. Rubuta *ne* da *pas* a jajayen kati biyu, ka ce musu "ba" biyu ne irin namu. "Zan je kasuwa" takan koma "ba zan je kasuwa ba", haka *je vais au marché* ke komawa *je ne vais pas au marché*. Amma ka nuna musu bambancin a kan igiyar: "ba" ta biyu a Hausa ƙarshen jimla take tafiya, *pas* kuwa manne take da bayan aikatau. In ba ka nuna ba, rabin ajin zai kai ta ƙarshe, kuma ba kuskuren sakarci ba ne, Hausarsu ce ke aiki.

A Jamusanci igiyar ta fi ko'ina amfani. Maƙala katin aikatau a gurbi na biyu, ka ce an kafa shi da ƙusa. Jera *Ich gehe heute zum Markt*, wato yau zan je kasuwa. Sai ka kira yaro ya ɗauko *heute*, wato yau, ya kai farko. Zai bar *ich* a gaban *gehe*. Tuna masa ƙusa, shi da kansa zai mayar da *ich* baya, jimlar ta zama *Heute gehe ich zum Markt*. In aka zo kan *Ich möchte heute Reis kaufen*, su ga da idonsu yadda aikatau na biyu ke tafiya can ƙarshe. Bayanin baki na minti goma bai kai wannan motsin hannu ɗaya ba. Ranar da ba igiya, ba wa yara katunan su riƙe a ƙirji su tsaya a jere, sauran aji su riƙa gyara musu tsayuwa.

Mataki na biyar: kayan gyaran furuci

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su san inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe ba, kai ne ka sani. Babbar matsalarmu p, f, v da b. Yi kati huɗu masu hoto: *pain* burodi, *faim* yunwa, *vingt* ashirin, *bain* wanka. Baƙin farko ne kaɗai ya raba furucinsu. Liƙa su a kusurwoyi huɗu na ajin, ka faɗi ɗaya, su nuna da yatsa. Sai kunne ya rarrabe kafin baki ya iya. Bayan nan madubi ya zagaya: a *pain* leɓɓa biyu sun haɗe, a *faim* haƙoran sama suna kan leɓen ƙasa. Mu da leɓɓa biyu muke yin namu f ɗin, shi ya sa sai yaro ya ga haƙoransa a madubi yake ganewa.

Sai wasalin da ke cikin *tu* na Faransanci, wanda shi ne *ü* na Jamusanci. Ka ce su faɗi "i", su riƙe ta, sannan su tsuke baki kamar za su yi fito. Katunan gwaji: *rue* titi da *roue* taya, *Mutter* uwa da *Mütter* uwaye.

Ka kuma yi babban kwali guda na abin da suka riga suka iya, don yaro na buƙatar jin cewa ba daga sifili ya fara ba. Harafin *z* a *zehn* da *Zeit* ɗan'uwan "ts" ne na tsuntsu, sai dai ba a matse maƙogwaro. Sautin *ch* a *Buch* da *acht* shi ne harafin kha da suka koya a Islamiyya. Bambancin dogon wasali da gajere a *Staat* ƙasa da *Stadt* birni, irinsa ne tsakanin garin tuwo da garin Kano. A ƙasan kwalin rubuta tarkuna huɗu na rubutun Jamusanci: *w* ana furta ta v, *v* a *Vater* ana furta ta f, *ei* a *drei* "ai" ce, *ie* a *vier* doguwar "i" ce.

Mataki na shida: agogo, kuɗi da teburin kasuwa

Yanka da'ira daga katan, ka huda tsakiya, ka ɗaure hannaye biyu da zare mai ƙulli a baya. Kowane rukuni ya sami agogonsa. Faransanci yana tafiya da Hausa kafaɗa da kafaɗa: *sept heures et demie* bakwai da rabi, *huit heures moins le quart* takwas saura kwata. Jamusanci ne ke da rami: *halb acht* bakwai da rabi ce, ba takwas da rabi ba, wato an yi rabin hanyar zuwa takwas. Rubuta wannan da jan maka a bayan kowane agogo.

A lambobi ma kowane harshe da nasa wurin santsi. Bajamushe yakan faɗi ɗaya kafin ashirin, *einundzwanzig*, daidai da wahid wa ishrun na Larabci. Da ka faɗi haka, ɗan Islamiyya ya gama ganewa. Bafaranshe kuwa daga saba'in yake fara lissafi: *soixante-dix* sittin da goma, *quatre-vingts* ashirin sau huɗu, *quatre-vingt-dix-sept* ashirin sau huɗu da goma sha bakwai, wato casa'in da bakwai. Don wannan, yi katunan lambobin waya na ƙirƙira masu lamba takwas, a karanta su bibbiyu kamar yadda ake yi a Nijar. Ɗaya ya karanta, abokinsa ya rubuta, su gwada.

Yanzu fankunan da aka tara za su yi aiki. Jera su a tebur, ka liƙa wa kowanne farashi. Zana kuɗin wasa da hannu a takarda, sefa ta 500, 1000, 2000 da 5000 don Faransanci, yuro don Jamusanci. Rubuta jimloli huɗu kacal a allo: *C'est combien?*, *C'est trop cher*, *Was kostet das?*, *Das ist zu teuer*. Mai saye da mai sayarwa su fito. Bayan zagaye biyu goge rabin allon, bayan huɗu goge duka. Ka bar su su yi ciniki yadda suka saba, da rantsuwa da tafiya a kira su, amma ka faɗa musu cewa a kantin Jamus farashin da ke rubuce shi ake biya.

A nan ne kuma za ka shigar da girmamawa. Yi hula ta takarda ko ka ajiye tsohon tabarau, duk wanda ya sa ya zama dattijo, dole a ce masa *vous* ko *Sie*, ba *tu* ko *du* ba. Yaron da aka horar ya ce wa babba "kun tashi lafiya" ba ya buƙatar dogon bayani.

Mataki na bakwai: abin sauraro

In muryarka kaɗai suke ji shekara uku, ranar da wani ya yi musu magana za su daskare. Nemi ƙaramar lasifika mai caji da ke karɓar memori. Gidan rediyon DW, wanda iyayensu suka sani ta sashen Hausa, yana da darussan Jamusanci kyauta a shafinsa tun daga matakin A1. TV5Monde yana da na Faransanci. Shirin labarai cikin sauƙaƙan Faransanci na RFI yana da kyau, amma ya yi wa 'yan aji ɗaya nauyi, ajiye shi don manyan azuzuwa. Sauke duk abin da kake so inda sabis ke da ƙarfi, kada ka dogara da intanet a cikin aji.

Abin da ya fi min duka shi ne muryar mutanen gari. Akwai ɗan kasuwa ko tela daga Maraɗi, Damagaram ko Kwatano da ya yi lakwal, wato bokon Faransanci, akwai mai bautar ƙasa da ya karanta Faransanci ya yi zaman shekara a ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991. Roƙi izininsu ka naɗi muryarsu a waya, daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya: sunana wane, daga gari kaza nake, sana'ata kaza, 'ya'yana kaza. Ka kunna sau uku. Karo na farko tambaya ɗaya tak, mace ce ko namiji, daga ina. Na biyu su cike gurbi huɗu da ka zana a allo. Na uku su duba amsarsu. Kada ka kunna komai ba tare da ka ba kunnensu abin nema ba.

In kana kusa da cibiyar Alliance Française, kamar ta Kano, leƙa ɗakin karatunsu. Masu Jamusanci su tuntuɓi cibiyar Goethe da ke Legas, su kuma duba shafin shirin PASCH da Jamus ta fara a 2008 don haɗa makarantun da ke koyar da harshenta, akwai kayan karatu na matasa a ciki.

Mataki na takwas: gwaji da adanawa

Kafin ka yi kwafi goma sha biyu na kowane abu, yi guda ka gwada. Tsaya a bencin ƙarshe ka duba ko rubutun na karantuwa. Ba yara uku su buga wasan ba tare da ka sa baki ba. In suka yi cirko-cirko, ƙa'idar wasan ce ta yi tsawo, rage ta. Duba kowace kalma a ƙamus kafin ka sa maka, musamman alamomin kan wasula irin na *é*, *è* da *ü*, don kuskuren da aka rubuta a kati yakan zauna a kan yaro shekaru.

Shafe fuskar katunan da faffaɗan salatif, shi zai kare su daga gumin hannu da ƙurar hunturu. Wata shekara na bar kwalayena a bangon aji na tafi dogon hutu, na dawo na tarar feshin damina da gara sun gama da su. Tun daga nan ba abin da ke kwana a bango. Komai yana komawa ambulan ɗinsa, ambulan cikin leda, leda cikin akwatin ƙarfe da ke kan tebur, ba a ƙasa ba. Kowane rukuni yana da mai ƙirga kati kafin a tashi, kuma adadin yana rubuce a bayan ambulan.

A bayan ambulan ɗin dai, da zarar ka fito daga aji, rubuta layi ɗaya da fensir: wace kalma ce ta gagare su, wane hoto ne ba su gane ba. A makon farko na sabon zango, ba 'yan aji uku kwali da maka su sake yin katunan da suka ɓace ko suka yage, su gyara waɗanda ka yi wa alama, sannan su kai wa 'yan aji ɗaya da hannunsu su koya musu wasan.